Gaisuwar da Na Hana Baffana

Kwanan baya ina tsaye bakin titin Tsafe ina jiran mota, sai wani mai babur ya taka birki a gabana ya ce, "Ranka shi daɗe, Baba, ina munka nufa?" Kafin in buɗe baki ya hango wata mata da buhun masara, ya ce mata ita ma ranta shi daɗe, ya ɗauke ta suka yi gaba. Na yi dariya ni kaɗai har mutane suka fara kallona. Kalmar ta yi araha yanzu. Mai shayi na faɗa wa ɗan sanda, ɗan sanda na faɗa wa mai mota, yaro na faɗa wa abokinsa don tsokana, ba wanda ke jin nauyinta a baki. A zamanin samartakarmu kuwa an doki mutane a kanta, an ɗaure wasu, ni kuma na yi wata asara a kanta da har yau ban mayar ba.

Baffana ne ya rene ni, yayan mahaifina, don mahaifina ya rasu ina goye. Shi ne mai unguwa a wani ɗan ƙauye tsakanin Nahuce da Bungudu. In an ce sarauta kada ku hango wani abu babba. Rawani ɗaya gare shi, wanda matarsa Inna ke wankewa ta shanya a kan darni, ranar kuwa ba ya fita zaure sai ya bushe. Jakinsa ɗaya, gonarsa da hannunsa yake nome ta, tuwon gidanmu bai fi na maƙwabta maiƙo ba. Aikinsa raba faɗan iyakar gona, da sasanta manomi da Bafulatani in shanu sun yi ɓarna, da shan zagin dagaci in haraji ya makara. Ba su taɓa haihuwa ba shi da Inna, ni ne ɗan, ni ne 'yar. Ni ke yanko wa jaki ciyawa, ni ke jan guga, ni ke hawa rumfa in gero ya fara nuna ina kaɗa gwangwani ina korar tsuntsaye har muryata ta dushe. Har yanzu in na rufe ido ina jin safiyar ƙauyen nan: turame suna amsa wa juna gida gida, guga na karo da bakin rijiya, matan Fulani na kiran nono daga bayan gari, da tarin Baffa sau biyu kafin ya fito. Yana zama a kan buzunsa zan zo bakin zaure in tuɓe takalmi in durƙusa in ce, "Ranka shi daɗe, Baffa." Sai ya ɗago ya dube ni kamar bai taɓa jin an faɗa ba, ya ce in je in ga jaki. Kowa a garin haka yake gaishe shi, amma Inna ta ce tawa yake jira kafin ya sha kunu.

Da na tasa, gemu ya fara tsiro, sai ya kai ni Gusau da kansa wurin wani Bayarabe mai gyaran keke a Sabon Gari. Ya ce gona ba za ta gudu ba, amma sana'a sai da ƙuruciya. Gusau ta ruɗa ni. Ga kukan jirgin ƙasa, ga ƙugin injin gurzar auduga da ake ji tun daga nesa, ga mutane iri iri kowa da yarensa. Na koyi faci da ɗaure sarƙa da miƙe ƙafar keke in ta karkace, na kuma koyi wani abin da Baffa bai aike ni koya ba. Kusa da rumfarmu akwai wani tela, kowa Malam Tela yake ce masa, siriri mai sanyin murya, wanda in la'asar ta yi yakan tsayar da keken ɗinkinsa ya yi ta magana da duk wanda ya zauna a bencin ƙofar shagonsa. Yakan tambaya, don me talaka zai bar gonarsa ciyawa na cinye ta ya tafi noman gandun hakimi kyauta, don me za a tsayar da mai jaki a hanya a ɗora masa kayan da ba nasa ba. Abubuwan da na taso ina gani ne, ban taɓa sanin ana iya tambaya a kansu ba. Daga wannan benci jam'iyyarmu ta fito. 'Yar ƙarama ce, ba ta kai manyan nan da yara ke karantawa a makaranta ba, sunanta ma ko na faɗa ba wanda zai gane. Ba mu da mota, ba mu da lasifika, kekuna ne kawai, shi ya sa mutane suka sa mana 'yan ƙararrawa.

Wata la'asar aka kawo maganar gaisuwa. Malam Tela ya ce bauta daga baki take farawa, mutumin da ya saba cewa ran wani ya daɗe yana durƙushe, ba zai iya miƙewa ya ce masa a'a ba. A cikinmu akwai wani ɗan garuwa da muke kira Na-Tsafe, ƙato ne mai yawan barkwanci. Ya ajiye sandarsa ya ce, "Malam, ni a ganina mu riƙa hwaɗa ma kowa. Mai jaki ranshi shi daɗe, kuturu ranshi shi daɗe. In ta cika gari sai ta daina tsada."

Aka fashe da dariya. Malam Tela bai yi dariya ba, ya ce, "Maganarka da hankali, amma su za su ɗauka ladabi mukai musu, ba su jin na mai jakin. Gara mu hana kowa."

Aka ɗaga hannu, masu hanawa suka rinjaya, ni ne na fi kowa miƙa nawa sama. Wani ya ce alkawarin baki ba ya riƙe Bahaushe, a rantse. Muka tashi ɗaya bayan ɗaya, kowa ya rantse da Allah ba zai ƙara ce wa wani mahaluki ransa ya daɗe ba. Na rantse da ƙarfi don a ji ni. Wallahi a lokacin hakimai nake hangowa da manyan riguna, ko kaɗan tsohon da ke zaune a kan buzu bai faɗo mini a rai ba.

Shekarun da suka biyo baya su ne mafi daɗi a rayuwata, ba zan ɓoye ba. Ranar kasuwa mukan jeru mu goma sha, wani lokaci fiye, mu kama hanyar Tsafe tun da hantsi, mu wuce ƙarƙashin dutsen Kwatarkwashi muna waƙa, famfo ɗaure a bayan kekena don ni ne likitan tafiya. In mun kusa kasuwa sai mu saki ƙararrawa gaba ɗaya. Ƙarar nan, wadda ba ta fi ta kiran mai gyaɗa ba in keke ɗaya ne, in ta haɗu sai ka ga masu awo sun ɗago, mahauta sun tsaya da wuƙa a hannu. Malam Tela ya hau kan turmin aro ya yi magana a hankali, dole kowa ya yi shiru in yana son ji. In wani bafade ya ratso, ba mu sauka daga keke, sai mu ce, "Sannu, Malam," mu wuce. An fasa mini baki sau biyu a kan wannan sannu, na kuwa yi ta yawo da kumburin kamar lambar yabo. Amma abin ya yi aiki. Wata damina mutanen wani ƙauye a ƙasar Bungudu suka ƙi fita noman gandu, suka zauna suna jiran sama ta faɗo, ba ta faɗo ba. Damina ta gaba wasu ƙauyukan suka bi. Wani dattijon Bafulatani ya taɓa tare mu a hanya da ƙwaryar nono, ya ce bai san abin da muke nema ba, amma ya ji an ce ba mu tsoron kowa, mu sha. Yanzu 'yan siyasa na zuwa da motoci jere, a raba atamfa a watse, ba na jin akwai wanda ake tarewa a daji a ba shi nono don Allah.

Da kakar shekarar farko ta yi na tafi gida, karo na farko tun da na rantse. Na iske zaure cike, ana maganar wata saniya da ta shiga wake. Na jingine keke, na tuɓe takalmi, don wannan ban rantse a kansa ba, na durƙusa. Baffa ya ɗago yana murmushi yana jira.

Na ce, "Ina wuni, Baffa. Mun same ku lahiya?"

Aka bar maganar saniya ana kallona. Wani tsoho ya ce, "Yaro, ka manta wani abu a hanya." Na ce ban manta ba. Baffa ya daɗe yana dubana, murmushin bai tafi gaba ɗaya ba, ya dai tsaya ne a fuskarsa ba shi da wurin zuwa. Sannan ya ce, "Lahiya lau. Shiga ciki, innarka ta ganka." Ya koma kan maganar saniya.

Inna na bakin murhu, labari ya riga ni shiga. Ba ta yi faɗa ba, ta zuba mini ruwa ta bari na sha. Na yi mata bayani mai tsawo, na talaka da na bauta da na rantsuwa, duk abin da na haddace a bencin Malam Tela. Ta saurara har na gama, ta ce, "Rantsuwa dai? Azumi ukku na, ɗan nan, ba dutsi anka ce ka ɗauka ba. Ka hwaɗa mai, ka yi kaffara, ni in dama maka kunun buɗa baki."

Na ce, "Inna, ba ki gane ba. In na karya, da wane ido zan dubi 'yan'uwana?"

Ta ce, "Shi hwa da wane ido zai dubi zaure?"

Na tashi na fita. Kwana biyu na yi, kullum da safe in durƙusa in ce ina kwana, ya ce lafiya. Da zan tafi ya sa aka ɗaura mini damin gero a bayan keke, ya ce, "Durƙusa ma wada ba gajiyawa ba ne, amma kai ka san karatun da kaka yi." Na hau keke ina jin kaina gwarzo. Girman kai rawanin tsiya, ni kuwa na naɗa shi har da kunnuwa.

Abin da ya biyo baya a bakin wani mutumin garinmu na ji, wanda ya kawo mini faci wata rana. Ina durƙushe ina neman hujin tayar a cikin ruwa yake ba ni labari, yana zaton na sani. Ashe maganar zaure ta kai kunnen dagaci, daga nan ta yi sama. Aka kira Baffa aka ce gidan mai unguwa ba zai zama sheƙar 'yan ƙararrawa ba, ya tsaya gaban jama'a ya ce ba shi ba ni, ko ya ajiye rawani. Mutumin ya ce Baffa bai ko nemi a ba shi kwana ɗaya ya yi tunani ba. Cewa ya yi, "Ɗan ƙanena na, maraya na, hannuna anka sa shi. Ba ni tsine mai don ya hana ni gaisuwa." Ya warware rawanin a wurin, ya naɗe shi a hannu, ya dawo gida da hula. Na tambayi mutumin yadda yake yanzu. Ya ce yana nan, yana noma, zauren ne dai ba kowa, mutane sun koma ƙofar sabon mai unguwa. "Ko ranka shi daɗe ba mai ce mai yanzu," in ji shi, "kun samu abin da kuka so."

Da na gaya wa Malam Tela, ya tsayar da ɗinki ya ce, "Wanga ba shi muka nufa ba. Ka tai gida." Ban je ba. Kunya ta hana ni, ita kuwa kunya in ta haɗu da taurin kai ba ta da magani. Na riƙa aika gishiri da goro ta hannun masu zuwa kasuwa, ina ce wa kaina sai mun ci zaɓe zan je, in nuna masa abin da aka saya da rawaninsa.

Ba mu ci ba. Da babban zaɓe ya zo muka gane ƙanƙantarmu. Mutanen da suka yi ta tafa mana a kasuwa suna da 'ya'ya da gonaki, kuma bayan mun hau kekunanmu mun tafi, su ne ke kwana a garin da masu sarauta. Ban ga laifinsu ba. Daga nan abin ya fara zubewa. Samarinmu masu zafi suka koma wata jam'iyyar talakawa da ta fi mu girma, masu ɗan abin hannu suka lallaɓa wurin masu mulki, har na ji ɗayansu da kunnena yana zuba ranka ya daɗe tun daga bakin titi, ban sani ba ko ya yi azuminsa. Aka ɗaure Malam Tela wata da watanni kan taro ba izini, ya fito da tari da rashin son magana. Na-Tsafe ya koma garinsu noma. Taronmu na ƙarshe mu huɗu ne, ruwan sama ya kore mu daga benci muka shige shago, muka yi hirar tsadar zare har ya ɗauke, kowa ya kama gabansa. Ba wanda ya ce an rufe jam'iyya, ba kuma wanda ya tuna ya ce an kwance rantsuwa. Ni kaɗai na rage riƙe da ita, don in na sake ta, sai in ga kamar Baffa ya rasa rawaninsa a banza ke nan.

Cikin wannan damina Inna ta aiko wani direban babbar mota ya ce mini in zo, jikin Baffa ya yi nauyi. Na tashi da sassafe. Hanya ta lalace, na yi ta turin keke cikin laka, na isa bayan azahar. Na same shi kwance a zaure, don ya ƙi a shigar da shi ɗaki. Ya rame har na ga ƙasusuwan hannun nan da ke ɗaga ni ya ɗora a kan jaki. Ba kowa a wurin sai kaji. Na durƙusa kusa da kansa.

Na ce, "Sannu, Baffa. Allah shi ba ka lahiya."

Ya buɗe ido ya gane ni. Ya ce, "Ka zo." Sannan ya tsaya yana dubana, irin duban da yake yi mini da safe ina yaro. Na san abin da yake jira, ya san na sani. Kalmar tana bakina. A ranar babu sarauta a cikinta ko ƙwaya ɗaya, addu'a ce kawai, kuma ba abin da nake so a duniya kamar ran mutumin nan ya daɗe. Amma sai wani wawan tunani ya zo mini, wai gaisuwar safe ce, in bari sai gobe in zo bakin zaure in tuɓe takalmi in faɗe ta yadda na saba, in ɗauki azumi daga ranar. Har ina jin daɗin yadda na tsara abin.

Ya ɗan yi murmushi, ya lalubo hannuna ya riƙe. Ya ce, "Bar ta, kada ka karya rantsuwarka sabili da ni. Tun da kai ba ka iyawa, ni bari in hwaɗa maka. Ranka shi daɗe, ɗana."

Na sunkuyar da kai, hawaye na zuba a kan tabarma. Ya ce in je in gaida innata, in ci abinci, na sha hanya. Na tashi na shiga ciki. Ina cikin wanke hannu aka kira la'asar, Inna ta leƙa zaure don ta juya shi, sai na ji ta yi salati a hankali.

Bayan an yi sadakar uku na je wurin limamin garin na ce ina son in yi kaffara. Ya tambaye ni ko na faɗi kalmar. Na ce ban faɗa ba. Ya ce, "To ba komi a kanka, ka cika rantsuwarka." Ban taɓa jin hukuncin da ya ƙona ni kamar wannan ba. Na yi azumin duk da haka, Inna ta dama mini kunu kwana uku.

Ba na nadamar kekunan nan, ko bakin da aka fasa mini. Abin da muka faɗa gaskiya ne, yau ba mai fita noman gandun kowa, ko da yake ba wanda ya san akwai hannunmu a ciki. Ina kewar Malam Tela, ina kewar dariyar Na-Tsafe da ƙarar ƙararrawa a bakin kasuwa, ina kewar ƙafafun da ke kai ni Tsafe su dawo da ni a yini ɗaya. Duk sun tafi. Na binne Inna, na binne matata, na binne biyu cikin 'ya'yana, a cikin 'yan ƙararrawa ba wanda ya saura sai ni. Mutane na tambayata sirrin tsawon kwana, ko zuma nake sha, ko tafiyar ƙasa ce. Sai in ce musu ikon Allah ne, haka ne kuwa. Amma ni na san bakin da ya roƙa mini. Shi ya faɗa sau ɗaya aka karɓa, ni kuma aka bar ni da shekaru masu yawa ina faɗa masa kullum da safe, ba ya ji.